Shin talabijin ce ta fito da wasan maza masu shigar mata fili?

Nura: Salamu alaikum. Akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, na ce bari in kawo ta gaban manya. Ni dai ga inda na tsaya: wasan nan da maza ke caɓa ado irin na mata, da hular gashi da takalmi mai tsini, su hau dandamali, wanda Turawa ke kira dirag, ba a san shi a fili ba sai da RuPaul, wani fitaccen mai wannan wasa, ya buɗe gasarsa a talabijin ɗin Amurka a 2009. Kafin nan abin gidajen rawa ne na tsakar dare. Talabijin ce ta shigar da shi falon mutane.

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam. Nura, yaro man kaza. A Ingila ta zamanin Shakespeare mace ba ta hawa dandamali sam. Samarin da muryarsu ba ta buɗe ba su ne ke fitowa a mata, sarakuna da fadawa suna zaune suna kallo. Sai a 1660, da Sarki Charles na Biyu ya dawo kan karaga, mata suka fara fitowa. A Japan mace ce ma ta ƙago wasan kabuki, ana ce mata Okuni, a Kyoto wajen 1603. Hukuma ta hana duk mata yin sa a 1629, maza suka gaje gurbinsu, kuma har gobe akwai waɗanda ba su da aiki sai fitowa a mata. A ƙasar Sin, Mei Lanfang ya yi suna da haka har ya kai wasansa Amurka a 1930. Ku kuma masu son fim ɗin Indiya, a 1913 da Phalke zai shirya fim ɗinsa na farko ya nemi macen da za ta fito ya rasa, sai wani namiji, Anna Salunke, ya fito a sarauniya. To ina ɓoyon yake?

Anti Rabi: Allah ya ƙara sani, Malam, amma ka zuba gero da dawa a buhu ɗaya. Duk waɗannan lalura ce ta kawo su: an hana mace, ko mace ta ƙi. Yaron da ke fitowa a mace a Landan so ake mai kallo ya manta namiji ne. Abin da Nura ke magana a kai kuwa ba a so ka manta. Gashin ya fi na kowace mace tsawo, kwalliyar ta wuce misali, kuma da gangan ake yi don ka san wasa ake. Manufar ba ɗaya ba ce.

Malam Isiyaku: To Rabi, mu ajiye inda aka hana mata, mu ɗauki inda ba a hana su ba. A ƙarshen ƙarni na 19 mata sun cika dandamalin Ingila, amma duk lokacin Kirsimeti namiji ne ke fitowa a tsohuwa mai surutu a wasan barkwancin da ake kai yara. Dan Leno ya shekara da shekaru yana yin haka a gidan wasa na Drury Lane, kuma ba wanda ya ɗauke shi mace, abin dariyar ke nan. A Amurka Julian Eltinge ya tara dukiya da shigar mata, har aka buɗe gidan wasa da sunansa a New York a 1912. Akwai ma juyin abin: Vesta Tilley mace ce mai shigar maza, tana cikin waɗanda suka fi kowa samun kuɗi a zamaninta. Sojojin Amurka da na Ingila a yaƙin duniya na biyu su ma sukan saka rigunan mata su nishaɗantar da 'yan uwansu, da sanin manyansu. Talabijin ɗin ma da Nura ke taƙama da ita, Milton Berle ya sha saka rigar mata a shirinsa da ya fara a 1948. RuPaul kuwa a 1960 aka haife shi.

Sadiƙu: Malam ya yi gaskiya a kan na Kirsimeti. Nan Ingila har yanzu duk Disamba ana yi, makarantu ma kan kwashi yara a bas a kai su. Kuma a ƙarshen shekarun 1990 Paul O'Grady ya gabatar da shirin kacici-kacici a BBC cikin shigar wata da ya ƙirƙira, Lily Savage, a lokacin da iyali ke zaune gaban talabijin.

Nura: To Yaya Sadiƙu, in haka ne me ya sa 'yan sanda suka riƙa kama su? Na san dai an yi rikicin Stonewall a 1969, da 'yan sanda suka kai samame wata mashayar masu neman jinsi a New York.

Anti Rabi: Yawwa ƙanena, yanzu ka zo wurin. Layi biyu ne suka taso tare, Malam ɗaya kawai ya bi. A 1870 an kama wasu samari biyu a Landan, Boulton da Park. Sun daɗe suna fitowa a mata a dandamali ba wanda ya ce musu kanzil. Abin da ya jawo musu shi ne sun ci gaba da yawo da kayan a gari, aka kama su suna fitowa daga kallon wasa. An yi shari'a a 1871 aka sallame su, amma kowa ya gane iyakar: a kan dandamali a tafa maka, a bakin titi a sa maka ankwa. San Francisco ta yi dokar hana fita cikin tufafin da ba na jinsinka ba tun 1863. A Washington akwai William Dorsey Swann, baƙar fata da aka haifa cikin bauta, wanda yake shirya bukukuwan rawa a ɓoye. 'Yan sanda sun kai musu samame a 1888, a 1896 aka yanke masa wata 10, ya nemi afuwa wajen Shugaba Cleveland aka hana shi. Eltinge ɗin da Malam ya ambata ya san wannan iyaka sarai, shi ya sa in ya sauka daga dandamali yake ta nuna wa 'yan jarida cewa shi namijin duniya ne, har da hotunan dambe. Jama'a sun yarda da abin ne muddin raha ce kuma ta ƙare a ƙofar gidan wasa. Layi na biyu na mutanen da abin ya shafi rayuwarsu ne, yawancinsu masu neman jinsi, talakawa, baƙaƙe da 'yan Latin Amurka. Shi ne ya bi ta Harlem, unguwar baƙaƙe a New York, har a farkon shekarun 1970 Crystal LaBeija ta kafa gidanta, wato ƙungiyar masu wasan dirag, bayan ta gaji da yadda ake fifita farare a gasa. Daga nan aka sami gidaje masu uwa da 'ya'ya, inda yaran da iyayensu suka kora suke samun wurin kwana. Salon tafiya, da habaici, da gasar da kake gani wajen RuPaul, daga can aka kwaso su.

Ustaz Kabiru: Jama'a ina bin ku, amma dole in faɗi nawa. Hadisin Ibn Abbas yana cikin Bukhari, Annabi (SAW) ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Ina tsoron kada jero shekaru ya sa yara su ɗauka daɗewar abu ita ce halaccinsa.

Malam Isiyaku: Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya nemi fatawa a nan, tambayar ita ce yaushe kuma ta wace hanya. Kuma irin ƙorafinka yana cikin tarihin. Malaman Kirista masu tsauri a Ingila sun kafa hujja da ayar Attaura da ta hana namiji saka tufar mace, suka yi ta yaƙar gidajen wasa, a 1642 majalisa ta rufe su. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka jiya aka fara gardamar.

Nura: Ni fa da nake gani kamar 'yan daudunmu ne aka ba su kyamara.

Anti Rabi: A'a. Ɗan daudu ba dandamali yake hawa ba, ba ya sayar da tikiti, ba ya cire abin in dare ya yi. Salon magana ne da karairaya da sana'a, tuya da sayar da abinci a tasha da kasuwa, ga tsohuwar alaƙa da bori, kuma yawanci da rigarsa ta maza. In kamanni kake nema a wajenmu, yaron da ya ɗaura zani da ɗankwali a tashe ya fi kusa da tsohuwar da Dan Leno ke kwaikwaya. Mu bar kowa a muhallinsa.

Sadiƙu: Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne kuɗi. Gasar RuPaul ta fara ne a wata ƙaramar tasha, Logo, kyautar farko dala 20,000. A 2017 ta koma VH1, a 2019 BBC ta fara tata, a 2023 ta koma MTV kyautar ta kai dala 200,000. Tsakanin nan Conchita Wurst ta Ostiriya, sunan wasan wani mai shigar mata, ta cinye gasar waƙa ta Turai a 2014, da gemu da doguwar riga. Amma waɗanda suka gina abin fa? A 1990 aka fito da fim ɗin Paris Is Burning a kan gidajen Harlem, a shekarar kuma mawaƙiya Madonna ta ɗauki salon rawarsu ta zagaya duniya da shi. Cikin 'yan shekaru wasu daga manyan da aka nuna a fim ɗin sun mutu da cutar ƙanjamau, ba su ga arzikin ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Nura: Ke nan dai na yi gaskiya. Layi na biyu na Anti shi nake nufi, kuma talabijin ce ta fito da shi.

Malam Isiyaku: Ko shi ma ba a 2009 ya fara fitowa ba. A shekarun 1920 bikin rawar masu shigar mata na Hamilton Lodge a Harlem dubban mutane yake tarawa, attajirai farare suna sayen kujera don kallo, jaridu suna buga labarin. Wajen 1930 manyan gidajen rawa na New York suna rububin ɗaukar irin waɗannan 'yan wasa. Sai iska ta juya. Da aka janye dokar hana giya a 1933, hukumar ba da lasisi ta sami igiyar shaƙe duk mashayar da ke tara su, daga 1934 kuma aka tsaurara tace finafinan Hollywood. Abin da ya fito fili aka mayar da shi ɗaka kusan shekara 30. Don haka ban yarda hanya ce miƙaƙƙiya daga ɓoye zuwa fili ba.

Ustaz Kabiru: Ai ko yanzu ba kowa ne ya karɓa ba a can. Tun da aka fara kai su ɗakunan karatu suna karanta wa yara littafi a San Francisco a 2015 iyaye da yawa suka tayar da ƙayar baya. A 2023 jihar Tennessee ta yi dokar taƙaita wasan a gaban yara, aka yi ta ja-in-ja a kotu.

Anti Rabi: Wannan ma hujjata ce, Ustaz. Fiye da shekara 100 ana kai yara kallon namiji cikin zanen tsohuwa ba wanda ya kai ƙara. Rigar ɗaya ce, wanda ke cikinta ne aka sani yanzu.

Nura: Na ji na 1930, Malam, amma a lokacin sai ka sayi tikiti ka taka har Harlem. Yau ƙanena da bai taɓa wuce Gusau ba yana gani a wayarsa ba tare da ya nema ba. Wancan za a iya kashe shi da lasisin mashaya. Wannan da wane lasisi?

Malam Isiyaku: Yanzu kuma ka bar talabijin ka koma waya. Ai ba da wannan ka buɗe gardamar ba.