Datsun 240Z ɗina ta ƙi sayuwa, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum jama'a. Ina da mota Datsun 240Z ƙirar 1972 da nake son sayarwa, amma ciniki ya ƙi faɗawa.

An cire mata injinta na asali, L24 mai lita 2.4, an sa L28 mai lita 2.8 irin na Datsun 280Z, da kafireta uku na Weber da giya biyar. Gudu kam, ba a magana.

To ga inda gizo ke saƙar. Masu tara tsofaffin motoci, da sun ga lambar inji ba ta dace da wadda ke jikin motar ba, sai su ja da baya. Masu son gudu kuwa suna yabawa, amma kuɗin gyaran ko kallonsa ba sa yi wajen tayi.

Tsohon injin yana nan a ajiye, sai dai yana shan baƙin mai, yana buƙatar aiki. Shin in mayar da shi, in sayar da L28 da kafiretocin daban? Ko in bar ta yadda take, in haɗa wa mai saye da tsohon injin? A ganina hanya ta farko ta fi riba, wahalar ce nake gudu.

Wanda ya taɓa irin wannan ciniki, don Allah wacce ta fi?