Wai ƙarancin serotonin ne ke sa mutum ya ƙi abinci?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum. 'Yar ƙanwata ce, shekararta 17, ta bushe kamar kara, amma kullum cewa take ta yi ƙiba. Tuwo ko loma ɗaya ba ta kaiwa baki. Wani ya ce mana wani sinadari mai suna serotonin ne ya yi mata ƙaranci a ƙwaƙwalwa, a saya mata maganin fluoxetine mai ƙara shi. Haka ne?

Bashir (mai sayar da magani): Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai ƙamshin gaskiya. Serotonin na da hannu wajen jin ƙoshi, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da fluoxetine ga masu bulimiya, wato masu ci ba ji ba gani sannan su tilasta wa kansu amai. Miligiram 60 ake ba su a rana.

Dakta Hadiza: Malam Bashir, kada ka haɗa su. Abin da Hajiya ta faɗa ya fi kama da anoreksiya, wato ciwon ƙin cin abinci saboda tsoron ƙiba. A 2006 an gwada fluoxetine a kan masu anoreksiya 93 da suka dawo da nauyinsu, bai hana ciwon dawowa ba, bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Kuma da wani sinadari mai suna tiriftofan jiki ke yin serotonin, shi kuwa daga abinci yake zuwa. Wanda bai ci ba, dole nasa ya ragu.

Bashir: To ai kin yarda ya ragu, Dakta.

Dakta Hadiza: Yunwa ce ta rage shi. A 1991 wani likita mai bincike, Walter Kaye, ya auna ruwan lakar matan da suka warke daga anoreksiya, sai ya tarar ragowar serotonin ɗinsu ta fi ta masu lafiya yawa. Shi a ganinsa, wataƙila tun farko yawa ya yi musu har yana sa su fargaba, ƙin ci kuma ke kwantar musu da hankali. Hasashe ne, amma ni ya fi zauna mini, domin yaran nan yawanci masu damuwa ne tun suna ƙanana.

Bashir: Ban gamsu duka ba, amma ba zan sayar mata da fluoxetine babu takardar likita ba.

Hajiya Rabi: To mu yanzu yaya za mu yi?

Dakta Hadiza: Ku kai ta asibiti a makon nan, a duba bugun zuciyarta da gishirin jininta. Don Allah kada ku ɗura mata abinci da yawa lokaci guda, jikin da ya daɗe da yunwa zuciyarsa na iya tsayawa. Sannu a hankali ake ƙara shi, likita na lura.