Ƙanwata ta tashi daga kumburin ƙwaƙwalwa, mantuwa ta ƙi sakinta

Assalamu alaikum, don Allah a ba ni shawara. Wata takwas ke nan da sallamo ƙanwata daga asibiti, bayan garkuwar jikinta ta juya ta far wa ƙwaƙwalwarta, ciwon da ake kira anti-NMDA. Farfaɗiyar da sambatun sun tsaya, alhamdu lillahi.

Mantuwar ce ta dame mu. Sai ta tambaye ni abu ɗaya sau huɗu cikin awa guda. Ko shafi ɗaya ba ta iya karantawa sai ta ajiye tana hawaye, ita da ke koyar da lissafi. Hoton ƙwaƙwalwarta da aka ɗauka da na'urar MRI kuwa lafiya lau. Likita ya ce murmurewa kan kai shekara biyu.

Waɗanda suka yi irin wannan jinya, wane atisayen ƙwaƙwalwa ya taimaka muku? Kuma yaya ake gane ciwon ne ke dawowa?