Amurka da Sin a Tekun Kudancin Sin: Musayar Waƙa Daga Damagaram

Malamin Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Zancen wannan mako shi ne takun-saƙar Amurka da Sin a teku. Ƙwar huɗu, babban amsa-amo "wa". Wanda zai kawo magana ya zo da hujjarsa, ban da zagi. Ga buɗi:

Da sunan Rabbu na ɗau alƙalami,
Wanda ya shimfiɗa tudu da rami,
Ya ba ɗan Adam hankali da ilimi,
Ya raba na gishiri da daddaɗan ruwa.

Ku zo mu leƙa gabas da nisa,
Manya biyu na ja-in-ja, ba wasa,
Jirage a ruwa, jirage a bisa,
Amurka da Sin sun hana kowa sakewa.

Sin ta riƙe layi mai ɗigo tara,
Taswirar a 1947 ta fara,
Sha ɗaya ne, aka goge biyu, ga saura,
Wai duk na ciki gadon Sinawa.

Filifin ta ce a'a, Biyetnam haka,
Maleshiya da Burunai sun ƙi duka,
Taiwan ma tana da tata a jaka,
Sai ga Amurka da jirgi tana kutsowa.

To ƴan uwa, ga fage na bari,
Mu da ko kogi babu a gari,
Mu auna zancen, ban da garari:
Wa ke da gaskiya, wa ke ƙwacewa?

Alhaji na Zango:
Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne, ba na ɓoye inda na karkata.

Malam, Amurka ina gonarta?
Fasifik ce tsakanin nan da ƙofarta,
Ta girke runduna ta bakwai da kayanta
A Yokosuka, ƙasar Japanawa.

Manyan jirage 11 take da su,
Masu goyon jiragen sama a bayansu,
In Sin ta samu uku sai a zarge su,
Wai su ne masu tsoratarwa.

2021 ta ƙulla da Ostareliya da Ingila,
Jiragen ƙarƙashin teku na biliyoyin dala,
Sansani tara ta samu izini daga Manila,
In ba Sin ba, wa ake kewayewa?

A 2001, kusa da Hainan,
Jirgin leƙen asirin Amurka ya je can,
Ya yi karo da na Sin a sararin nan,
Matuƙin Sin ya faɗa teku, ba dawowa.

Ma'aikata 24 aka tsare,
Kwana 11 kafin a warware,
Ka faɗa mini, wa ya zo ƙofar wa ya tare?
Baƙo ko mai gida, wa ke takalowa?

Gwaggo ta Garin Malam:
Ɗana, baitinka ya yi daɗi, amma ka tsallake maƙwabta sai ka ce babu su.

Ɗana, idonka na kan baƙo na nesa,
Ka manta maƙwabcin da aka kai ƙasa,
Tsibiran Farasel a 1974 Sin ta kwasa,
Daga Biyetnam ta Kudu, bayan gwabzawa.

A 1988 aka sake a tsibiran Sifiratili,
Sojan Biyetnam tsaye cikin ruwa, a fili,
64 suka mutu, ka nemo dalili,
Babu Ba'amurke a wurin, sai Sinawa.

Tudun murjanin Sikabaro a 2012 Sin ta tare,
Bakin tafkin da igiya aka ɗaure,
Masuncin Filifin ya koma ya takure,
Kifin na nan, kamun ne ba ya yiwuwa.

Ɗan Gidimuni:
Gwaggo, kin taɓo ni, ni mai koma,
A tafkin Gidimuni nake fama,
Na san zafin a ce maka koma,
Kifi na tsalle, kana kallo da yunwa.

Duk shekara Sin na sa dokar hani,
Daga Mayu zuwa Agusta, ba ta tambayi wani,
Har ruwan da Biyetnam ke ci tun zamani,
Ta ce don kifi ya hayayyafa take hanawa.

2021 a tudun murjanin Witsan an ƙirga su,
Jiragen kamun kifi fiye da 200, an jera su,
Bejin ta ce iska ce ta koro su,
Manila ta ce ƴan sa-kai ne ke fakewa.

Ɗan Jami'a:
Iyayena, a yi mini afuwa, ƙarami zai sa baki. Kowa na cewa "ruwansu, ruwanmu", to bari a ji abin da doka ta ce.

Gwaggo, da izininki zan sa baki,
Dokar teku ta 1982 na aiki,
Mil 12 daga gaɓa, naka ne ciki,
Ruwan da samansa, kai ke hukuntawa.

Zuwa mil 200, arziki ne naka,
Kifi ka kama, mai da gas ka haƙa,
Amma jirgin wani ya wuce ta gabanka,
Hanya ta kowa ce, ba a rufewa.

Manila ta kai ƙara a 2013,
Alƙalai a Heg suka duba batun teku,
2016 suka yanke, Alhaji, layin naku
Ba shi da tushe a doka, ba a kafawa.

Bejin ta ce hukuncin ba ya kanta,
Ko zaman kotun ba ta halarta,
Alhali dokar ta amince da ita
Tun 1996, ba mai musantawa.

Amurka kuwa, ga abin dariya,
Tana yawo da jirgi don kare yarjejeniya,
Majalisar dattawanta har yau ta ƙiya,
Ba ta shiga ba, amma tana tilastawa.

Baba Tsohon Soja:
Yaro ya yi karatu, Allah ya yi albarka. Sai dai mu da muka sa kaki, ba takarda muke fara dubawa ba.

Jikana, doka tana cikin littafi,
Soja na duban wa ya kafa ƙarfi,
Tun 2013 Sin ta shiga zurfi,
Tana tsotso yashi tana zubawa.

Murjanin da igiyar ruwa ke rufe shi,
Ta tula ƙasa, ta zo ta daɓe shi,
Subi da Mischif, kowanne ta gyare shi,
Titin kusan mita 3,000 don saukowa.

Wurare bakwai ta mayar tsibiri,
Ga rada, ga rumfar jirage, ba asiri,
Makamai masu linzami na cikin shiri,
Mai wannan gini ba ya niyyar ƙaurawa.

Ka san manomin da ke matsar da gamba,
Taƙi ɗaya bana, ba wanda ya duba,
Kafin alƙali ya zo ya raba,
Geronsa ya yi kai, wa ke tumɓukewa?

Amurka ta amsa a 2015,
Jirgin Lassen ya ratsa, ba a tsayar,
Cikin mil 12 na Subi, don ya sanar
Cewa tulin yashi ba ya hana wucewa.

Alhaji na Zango:
Baba, ran ka ya daɗe, gambar nan ba mutum ɗaya ke matsar da ita ba.

Baba, a yi adalci wajen awo,
Biyetnam ma yashin ta kawo,
Filifin kuma tsohon jirgi ta jawo,
1999 ta kafe shi, ba motsawa.

Sierra Madre, tsatsa ta cinye shi,
Sojoji kaɗan na kwana cikinshi,
Da gangan aka yi, ku fito ku faɗe shi,
In Sin ta yi, ƙwace. In su ne, burgewa?

Gwaggo ta Garin Malam:
Ɗana, jirgin a yankinsu yake,
Alƙalan sun faɗa, a rubuce yake,
Kwale-kwalen abinci kuwa tare shi ake,
Da mesar ruwa mai fasa gilashi ana fesawa.

Yunin 2024 an yi arangama,
Gatari da wuƙa aka ɗaga sama,
Wani sojan Filifin na cikin fama,
Babban yatsansa ya tsinke wajen gwaruwa.

Baba Tsohon Soja:
Hajiya, nan ne nake jin tsoro,
Ran nan yatsa ne. In rai ya fita a karo,
Alkawarin kare juna na 1951 za a zaro,
Manila ta kira, Washinton na amsawa.

Yaƙi ba sai shugaba ya so shi,
Matuƙi ɗaya ya ƙi kauce wa ɗan'uwanshi,
Saurayi mai zafin kai, maɓalli a gabanshi,
Masu nukiliya biyu ya ja su ga kafsawa.

Ƴar Sabon Gari:
Ku gafarce ni iyayena, ni "wa" ɗin nan ta ishe ni, da nawa amon na zo.

Kuna ta rabon teku da baitukanku,
Famfon unguwa ya ƙafe, ina ruwanku?
Ba mu da gaɓa, ba mu da jirgin teku,
Jarkoki na layi a ƙofar gidajenku,
Sikabaro ta ji da kanta, ku ji da naku.

Malamin Birni:
Ƴata, kin karya amsa-amo, kin kuma ƙara ɗango, laifi biyu ke nan. Amma tambayar ta cancanci amsa. Alhaji, kai ke da kaya a kan ruwa, bismilla.

Alhaji na Zango:
Ƙanwata, wayar da ke hannunki,
Da farantin sola da ke kan ɗakinki,
Da kabu-kabun da ya kai ki aiki,
Ta ruwan nan suka bi kafin isowa.

Daga Gwanzu ta Sin kaya ke tashi,
Mashigin Malaka dole a bi shi,
Lome ko Kwatano a sauke shi,
Kamiyo ya kawo kasuwar Dole, mu yi sayarwa.

Ran da aka yi harbi can, ki ji tsada,
Inshorar jirgi ta hau, dako ya daɗa,
Mai shago ya ƙara, ki zo kina faɗa,
Ki ce Alhaji ne mai tsawwalawa.

Ɗan Jami'a:
Yaya, ba ma sai an je bakin teku ba.

Yaya, su biyun sun zo har gidanmu,
Matatar man SORAZ tun 2011 tana arewa da mu,
Kashi 60 na CNPC, kamfanin Sin, 40 namu,
Ganga 20,000 a yini take iya tacewa.

Bututun Agadem ya miƙe har Benin,
Kusan kilomita 2,000, Sinawa suka yi aikin,
Agadas kuwa Amurka ta riƙe sansanin
Jirage marasa matuƙi, 2024 ta yi ficewa.

A Jibuti ma suna maƙwabtaka,
Na Sin tun 2017, ga kuma na Amurka,
Tazara kaɗan ce tsakani, kin ji haka,
A bakin Bahar Maliya kowa na leƙawa.

Gwaggo ta Garin Malam:
Yaron nan ya tuna mini darasin da na sha koya wa ƴan lakwal. Mu ma fa mun taɓa rigimar tsibiri.

Ku tuna Lete, tsibiri a kogin Kwara,
Mu da Benin muka kai juna ƙara,
2005 Kotun Duniya ta gyara,
Lete ta zo Nijar, ba a yi harbawa.

Najeriya ma Bakassi ta bari,
Hukuncin 2002, ta haɗiye da haƙuri,
2008 ta miƙa wa Kamaru wuri,
Mu ke bin kotu, manya na zaɓawa.

Su biyun kujerar dindindin gare su,
A Kwamitin Sulhu wa zai tilasta su?
Hukunci in ya yi daɗi, su ce nasu,
In ya yi ɗaci, takarda ce ta yagewa.

Alhaji na Zango:
Gwaggo, a nan kam ba ni da gardama,
Nikaraguwa ta ka da Amurka ita ma,
1986 Heg ta ce a biya ta, amma
Washinton ta juya baya, ba ta biya kowa.

Malam, a rubuta mini wannan, kada gobe a ce Sin ce ta fara ƙin kotu.

Malamin Birni:
An rubuta, Alhaji. Amma laifin wani ba ya wanke na wani, masuntan Gwaggo har yanzu suna jiran amsarka.

Baba Tsohon Soja:
Kafin ya amsa, ku bar tsoho ya ƙara biyu. Duk abin da muka lissafa ƙananan wuta ne.

Kun bar babban a baya, Taiwan,
Tun 1949 take mulkin kanta a can,
Bejin ta ce tata ce, ko yau ko wataran,
Amurka na sayar mata da makamai tana ƙarawa.

Agustan 2022 Pelosi, kakakin majalisar Amurka, ta sauka,
Sin ta kewaye tsibirin da atisaye duka,
Masu linzami ta harba suka tsallaka,
Japan ta ce biyar a yankinta suka yi faɗawa.

Ƴar Sabon Gari:
Malam, ga ni na dawo kan layi, a yafe mini tarar.

Baba, ka sa cikina ya ɗuri ruwa yau,
In haka ne, farashi ba da jimawa zai hau,
Alhaji, farantin sola guda mai kyau,
Ka ajiye mini a tsohon kuɗi, ina zuwa.

Alhaji na Zango:
Ƙanwata, shagon na nan a buɗe,
Ki zo da wuri, kada ki daɗe,
Amma littafin bashi na riga na naɗe,
Kuɗi hannu, ko Bejin ce ke sayowa.

Gwaggo, zancen masuntanki sai bayan la'asar, yanzu kamiyo ya iso ana sauke kaya.