Yaya aka yi Brooklyn ya daina zama birni?

Dan Kurna: 'Yan uwa, da gaske Brooklyn birni ne mai cin gashin kansa kafin New York ya haɗiye shi? Me ya jawo?

Malama Ladi: Ƙwarai, Malam. Ya zama birni a 1834, da magajin garinsa. Shi ma ya haɗiye birnin Williamsburgh da ke maƙwabtaka da shi a 1855. Ranar 1 ga Janairun 1898 ya koma ɗaya daga gundumomi 5 na New York.

Baban Sadiq: Ruwa da bashi ne. Rijiyoyin Long Island, tsibirin da Brooklyn yake, sun gaza, bashi ya kusa iyakar da doka ta yanka, ga ruwan Croton, wanda New York ke sha, a tsallaken kogi.

Malama Ladi: Kuma da ƙyar aka sha. A ƙuri'ar jin ra'ayi kan haɗewa da New York a 1894, masu goyon baya sun yi rinjaye da ratar ƙuri'u 277 kacal a Brooklyn, sai majalisar jiha ta zartar da dokar haɗewar a 1896.