"Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya": har a wajen makoki?

Ɗan Fagge: Jama'a, gardama ce ta kaure a gidan kallon ƙwallo, wani ya jefo wannan karin magana don kare mawaƙan U2 na ƙasar Ireland. A hutun rabin lokacin Super Bowl (wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka) na 2002 a New Orleans, wata biyar bayan harin 11 ga Satumba, suna waƙa ana haska sunayen mamata a wani dogon labule, a ƙarshe jagoransu Bono ya buɗe jaket ɗinsa, sai ga tutar Amurka a ciki. Shin sauya rawa ke nan?

Malam Na Zariya: Karin maganar ma shi take kamawa. Kiɗa ya koma na ta'aziyya, amma rawar tana nan yadda take: gudu a dandamali, fitilu, ihu. Mutum kusan 3,000 suka mutu. Ko daƙiƙa ɗaya ka ba kowane suna, sai ka ci minti 50, wasan mawaƙan kuwa bai kai kwata ba. Ga kyamara kullum a fuskar mawaƙi. Wa ya karanta sunayen?

Baban Zainab: Malam, ai abin da ya iya ya kawo. Mutum dubbai sun yi kuka tare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Na Zariya: Dubi filin Wembley na Landan, 17 ga Nuwamba 2015, wasan ƙwallon Ingila da Faransa, kwana huɗu bayan harin Paris. Aka ajiye furanni, aka sa baitocin taken Faransa a allo, 'yan kallo suka rera da bakinsu, 'yan wasa suka gauraya a da'irar tsakiya, alƙali ya busa, aka yi shiru na minti ɗaya. Inda ake samun matsala shi ne masu shigowa a makare ko mashaya, mutum ɗaya ya yi ihu ya ɓata komai. Shi ya sa wasu kulob suka koma tafi na minti ɗaya.

Yaya Hajara: Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ta ce a ƙauyensu an taɓa yin rasuwa ana tsakar dambe da kaka. Babu wanda ya ce wa makaɗin komai. Ya sassauta tsirkiyar kalangunsa, ya rataye shi a reshen tsamiya, ya karɓi fartanya ya bi masu haƙa kabari. Har aka yi sadakar bakwai ba a ji amonsa ba, alhali da kiɗan yake ciyar da gida. Ta ce rawar makaɗi a ranar ita ce haƙar.

Ɗan Fagge: Amin. To amma shi bai sauya rawa ba, daina ta ya yi.

Baban Zainab: Gara Bono da namu masu zuwa gaisuwar mutuwa da jiniya da masu hoto, su fi mai ƙora shafawa, gobe ka ga fosta.

Yaya Hajara: Su kam kiɗansu ɗaya ne, duk shekara huɗu ake buga shi.

Malam Na Zariya: Ɗan Fagge, wanda ya jefo maganar, wane kulob yake goya wa baya?