Sun kafa turaka a gonarmu ta bakin tafki, don Allah a ba ni shawara

Ɗan Masunci: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kwana uku ke nan barci ya ƙaurace mini. Mu mutanen wani ƙauye ne a bakin tafkin Lagdo, a arewacin Kamaru. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sauka nan bayan an gama dam a 1982, lokacin da giwan ruwa da karfasa suke har a rasa mai saye. Da kwale-kwalen aro ya fara, a bukkar zana aka haifi yayarmu, jauro, wato mai garin wancan zamani, shi ne ya nuna masa daji ya ce ya share ya noma. Da hannunsa ya dasa mangwaro 11, yana ɗebo ruwa da tulu. Mu bakwai ya bari, ni ne babba a maza, Inna tana nan tana fama da hawan jini.

Watan jiya wasu suka zo da motoci biyu da na'urar awo, suka kafa turakun siminti tun daga gonarmu har gaɓar da mata ke bandar kifi. Wai otal za a gina na 'yan yawon buɗe ido, a kewaye da waya, a ɗauki samari aiki. Ƙannena sun ce in kai ƙara, Inna ta ce kada in ja da manya. Ina zan sa kaina?

Tsohon Akawu, Garwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ba mu tarihin mangwaro, ba ka faɗi abin da ya fi muhimmanci ba. Kuna da titir, wato takardar mallakar fili? Na san amsar, babu. To saurara. Dokar filaye ta 1974 ta ce filin da ba shi da titir, gwamnati ce ke riƙonsa. Wanda ya zauna ko ya noma wuri tun kafin 5 ga Agusta 1974, shi ke iya neman titir kai tsaye. Mahaifinku bayan 1982 ya zo, wannan ƙofar a rufe take. Amma su ma masu otal ba da turaka ake mallakar fili ba. Sai kwamiti ya zo ya duba, sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, shi ne shugabansa, da mai gari da dattawa biyu. In filin ya wuce hekta 50, sai shugaban ƙasa ya sa hannu. Ku rubuta takardar ƙin amincewa, ku kai ofishin sufurefe, a buga muku hatimi a kwafinku. Gobe, ba jibi ba.

Hajiya Mai Banda: Ku maza gona kawai kuke gani. Mu fa? Shekara ashirin ina banda a bakin ruwa. A namu gefen wani mai kuɗi ya ja waya, yanzu sai mun zaga mu yi tafiyar awa kafin mu kai inda jirage ke sauka, kifi ya fara sakin jiki a kwando. Da aka yi taro ko mace ɗaya ba a kira ba. Mai gidana ma cewa ya yi in yi haƙuri.

Ɗan Acaɓa: Ni dai a gina. Kifin nan ya ƙare, kowa ya sani, raga ta fi kifi yawa a Lagdo. Gara gadi da albashi a wata da zaman kashe wando. Yaya, karɓi kuɗinka ka sayi babur biyu.

Baƙon Marwa: Ƙanena, je ka tambayi mutanen Waza da Rumsiki, wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa a da. Tun da aka sace iyalin nan na Faransawa a 2013 Turawa suka ɗauke ƙafa. Ɗan'uwana jagoran baƙi ne a da, yau gawayi yake sayarwa. Otal kan mutu, gonar da aka karɓe ba ta dawowa.

Tsohon Akawu, Garwa: Ku daina kawo labaran da ba su shafe shi ba. Ɗana, ƙidaya itatuwanka, ka ɗauki hoto da shaidu. A irin wannan fili ba a biyan kuɗin ƙasa, abin da ka dasa da abin da ka gina ake biya. Kuma ko da wasa kada ka sa hannu a wata takarda.

Ɗan Masunci: Baba, to ai nan ne matsalar. Ranar da suka zo an tara mu a ƙofar jauro, an ce kowa ya sa hannu a takardar halarta. Na sa. An kuma ba kowane mai gona sefa dubu 50, an ce goro ne.

Tsohon Akawu, Garwa: Inna lillahi! Shi ne ka ɓoye sai yanzu? Me aka rubuta a samanta?

Ɗan Masunci: Da Faransanci ne, ni kuma allo na yi. Ba ɓoyewa na yi ba, ban ɗauka wani abu ba ne. Kowa ya sa, har liman. Ni kaɗai zan tsaya a gaban dattawa in ce a'a? Kuɗin kuma maganin Inna na saya, ban ci kwabo ba.

Malam na Ngawundare: Ni abin da ke damuna giya da raye-raye kusa da 'ya'yanmu mata. Ku je wurin Lamiɗo, shi ne uban ƙasa. Ofis ba ya jin talaka.

Tsohon Akawu, Garwa: Malam, da girmanka, fada ba ta ba da titir. Shekara talatin ina cikin takardun nan. Ya mayar da dubu 50 ɗin a gaban shaidu, sannan ya kai takardarsa.

Hajiya Mai Banda: Ya mayar da me? Kuɗin da ya zama ƙwayar magani? Alhaji, daga Garwa magana tana da sauƙi.

Ɗan Masunci: Mayarwa cin fuska ne ga jauro, kuma 'yarsa ƙanena ke nema, an kai kayan gaisuwa. Ba zan ɓata wannan ba. Ni so nake a bar mana ko gefen mangwaron, sauran su ɗauka. Ba wanda ya san yadda ake roƙon haka?

Ɗan Acaɓa: In sun fara ɗaukar masu gadi, don Allah a sanar a nan.

Tsohon Akawu, Garwa: Turo hoton takardar in karanta maka.

Ɗan Masunci: Ba a ba mu kwafi ba, Baba. Da ita suka tafi.